Auta da Guntun Bugu

Auta tana da ƙarfin hannu, kuma ta san da haka. Idan ta ɗaga sandar golf ta maka wa ƙwallo, sai ƙwallon ta lula sama. Yara su yi ta tafi. Kan Auta kuwa ya ƙara kumbura.

Amma golf ba nisa kaɗai ba ne. Dole ƙwallo ta faɗa wani ɗan rami mai tuta. Wanda ya shigar da ita da bugu mafi ƙaranci shi ya ci.

Kullum malamin wasanni yana cewa, "Auta, matso kusa da rami ki koyi guntun bugu."

Sai ta turo baki. "Haba Malam, ai wannan wasan jarirai ne!"

Rannan aka zo zaɓen 'yan wasan makaranta. Gurbi ɗaya ya rage. Ko Auta, ko wata yarinya da ake kira Shiru-shiru.

A rami na ƙarshe suna kunnen doki. Auta ta saki bugu mai kyau, ƙwallonta ta tsaya dab da rami. Ta Shiru-shiru tana can baya.

Fili ya yi tsit. Auta ta tsaya a kan ƙwallonta. Nawa ne ƙarfin da za ta sa? Wallahi ba ta sani ba.

Ta buga. Ƙwallo ta wuce ramin fuu!

Ta bi ta da sauri, ta sake bugawa. Ta sake wucewa. Shiru-shiru ta lallaɓa tata a hankali, har ƙwallon ta faɗa rami. Ita ta samu gurbin.

Auta ta isa gida ido jawur. Ta jefar da sandar bayan ƙofa.

"Baba, na daina. Ba ni da sa'a."

"Sa'a ce ta ƙi ki, 'yar auta, ko ke kika ƙi aiki?" in ji Baba.

Ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta.

Baba ya kwantar da kofin roba a kan kafet ɗin falo. "Ga raminki. Kullum kaɗan-kaɗan."

Kai, aikin akwai gundura! Babu tafi, babu 'yan kallo, sai kyanwa mai bin ƙwallo ƙarƙashin kujera. Wata rana ƙwallon ta shiga kofin, wata rana ta ƙi.

"Baba, ni ban ga na ƙaru da komai ba."

Baba ya yi dariya. "Kin taɓa ganin ranar da ƙafarki ta girma? Sai dai kawai ki ji takalmi ya matse ki."

Auta ta ci gaba.

Da sabon zangon karatu ya zo, aka sake zaɓe. Ƙwallonta ta sake tsayawa dab da rami. Idan ta kuskure, shi ke nan.

Ta ja numfashi. Ta dubi kwanciyar ciyawar. Ta taɓa ƙwallon a hankali.

Ƙwallo ta gangara, ta tsaya a bakin rami kamar mai shawara. Sai ta faɗa, ƙwal!

Shiru-shiru ce ta fara rungume ta. Malam ya ce, "Barka da shigowa, Auta. Me kika koya?"

Auta ta share gumi. "Malam, gwaninta ba ta zuwa rana ɗaya. Sai an yi haƙuri da ƙaramin aiki, ko da babu mai tafi."