Sifilin Mancesta

Ranar Talata da hantsi Alhaji Tukur ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. Kamfaninsa da ke Ƙofar Dundaye yana shigo da kayan injin daga Turai, kuma an sace masa littafi.

"Littafi?" in ji Sufeto Mode, wanda ya saba da ɓarayin siminti.

"Na lambobin wayar ƙasashen waje, guda ɗari huɗu. Lailatu mai tafireta tay yi wata biyu tana tsara su iri guda: lambar ƙasa, ta gari babu sifilin farko, sannan ta mutum. Kowa na iya bugawa. In bai fito ba, ita zan kora."

A kamfanin, Sufeto ya tarar da Lailatu idanunta sun kumbura. Ta nuna masa durowar da ake ajiye littafin. Ba a fasa makulli ba.

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni da Alhaji. Na ukun yana rataye ɗakin waya."

Kusa da durowar akwai akwatin tsofaffin katunan lambobin waya, ba wanda ya taɓa shi. Wata lambar babu ƙasa, wata an rubuta ta bayan kwalin sigari.

"Wa ka iya karanta waɗanga?"

"Baba Sodangi kaɗai, mai haɗa waya. Shekararshi sha tara nan."

Sodangi yana zaune gaban na'urarsa, hularsa a goge. A shekarar da gwamnatin soja ke rage ma'aikata kamar ana tsince tsakuwa a shinkafa, kowane dattijo yana goge hularsa.

"Ranka shi daɗe, ko buɗe littafin nan ban taɓa yi ba."

"To ka yi hasara, Baba. An ce babu kuskure ko guda ciki."

"Babu kuskure? Ta bar sifili gaban Mancesta! Arba'in da huɗu, sannan sittin da ɗaya, ba sifili..."

Ya dafe bakinsa da hannu.

"Shafi na nawa?" Sufeto ya tambaya a hankali.

"Sha biyu." Ya cire hular. "Na ji Alhaji na hwaɗin in an gama littafi, ko masinja ya isa ya buga waya. Ɗiya bakwai gare ni. Wallahi ban san yarinyag ga za a kora ba."

Littafin yana gidansa a unguwar Gidan Dahala, a naɗe cikin sabon zanen matarsa. Sufeto ya buɗe. An gyara wurare goma sha ɗaya da fensir, da rubutu mai tsabta.

"Ka sace shi, kuma kag gyara shi?"

"Ina gani in bari?"

Sufeto ya mayar da ankwar da ya fiddo cikin aljihu, ya buɗe masa ƙofar gaban Landiroba. Sodangi ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya juyo.

"A gaya wa Lailatu shafi na talatin ban gama ba. Lambar Hambog ce, ta Jamus, akwai kuskure."