Gidaje Bakwai na Cikin Kwari

Daf da magariba, Ƙulu na kwashe tuwo a gidansu na unguwar Glass, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Na biyu ya faɗo tsakar gida, jiƙe da laka, alhali ko yayyafi ba a yi ba. Mijinta Musbahu ya ɗauka, ya juya shi, ya ajiye. Ya san lakar. Ta gindin madatsar ruwan da yake aiki ce, can bayan gari.

Kwana uku ana jifa. Ran na huɗu 'yarsu Nazira ta zauna kan tabarma, ta buɗe baki tana kukan jiniya, ko numfashi ba ta ja.

Musbahu ya san abin da ya shuka. Makon jiya aka gwada shirin ambaliya: a busa jiniya, a saki ruwa kaɗan, a ga ko mutanen da ke ƙasan madatsar za su fita kan lokaci. Aikinsa ya bi gida-gida ya tabbatar kowa ya ji. Ya bi na bakin titi. Na cikin kwari kuwa, ga santsi ga sabon takalmi, sai gogan ya leƙa daga sama, ya koma ya sa hannu wai kowa ya ji. Har yabonsa aka yi.

Aka ɗauko Malam Abdulkuddus daga unguwar Mont-Bouët. Ya daɗe yana karatu kafin jiniyar ta tsaya, muryar tsoho ta fito daga bakin yarinyar.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mazaunin kwari. Ko ruwan zafi za ku zubar, kukan yi bismilla mu kauce. Uban yarinyar nan ya sako mana tafki, ko sallama babu."

"Yarinya ba ta yi maka komai ba. Me kake so ka fita?"

"Mu mun hau tudu. Amma gidaje bakwai na mutane suna can, jiniya ba ta kai musu. Wata tsohuwa a kan sallaya ruwa ya same ta. Uban nata ya je ya gaya wa patron ɗinsa, shugabansa na wurin aiki, cewa ƙarya ya rubuta."

"Za a iya korarsa," in ji Malam.

"A kore shi."

Kunya ta rufe Musbahu, ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ƙulu ta dube shi, muryarta can ƙasa.

"Haka ne, Baban Nazira?"

"Haka ne. Gobe zan je."

Nazira ta yi atishawa, ta faɗi jikin uwarta. Da ta farfaɗo ta tambayi abin da ya same ta. Malam ya naɗe buzunsa, ya ce ubanta zai gaya mata da bakinsa.