Ramuwar Taiba

A kasuwar Khan Khalili ta birnin Alƙahira Hashimu ya fara ganinta. Lungunan sun cika maƙil bayan la'asar, masu fitilun tagulla da turare suna ta kiran ciniki, 'yan yawon buɗe ido suna gogayya da masu tallan gurasa. Cikin wannan hayaniyar Larabci ya ji wata murya a bayansa.

"Mariya, ina kike? Wanga cunkoso sai ya halaka mutum."

Ya juya. Doguwa ce baƙa mai mayafi ruwan toka, tana ta waige-waigen ƙawarta.

Ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Wagga Hausa dai ba ta Kano ba ce."

"Ta Bakura ce," in ji ta.

"To ni ɗan Mafara ne. Biyo ni, duk wanda ya ɓata nan, ƙofar masallacin Husaini ake iske shi."

Can kuwa suka tarar da Mariya. Kafin su rabu ya san sunanta Taiba, tallafin karatu ya kawo ta koyon haɗa magunguna. Shi kuma aikin ban ruwa yake karanta.

Daga nan duk ranar hutu sai su fita su uku. Suka ga dalar Giza, suka shiga kwalekwale a kogin Nilu, suka zaga tsofaffin masallatai. Da yamma saƙonsa zai shigo wayarta:

"Zumata, yau na ga gine-ginen sarakunan da, amma ke kaɗai na riƙa kallo."

Ita kuma ta mayar: "Malam Bamafare, ka kalli hanya dai kada keken doki ya ture ka."

Ran da suka hau hasumiyar ƙofar Zuwaila, birnin duka na ƙarƙashinsu, Hashimu ya shiga ba ta labarin burinsa.

"In mun koma gida, akwai gonar Baba a bakin kanal na ban ruwa, can Birnin Tudu, mai tsamiya biyu. Nan zan fara aiki."

Taiba ta riƙe bango. "Wane ne mahaifin naka?"

"Alhaji Labaran mai shanu."

Ta san sunan tun tana ƙarama. Lokacin da aka gina dam ɗin Bakolori aka sake raba gonaki, Labaran ya kawo shaidun ƙarya ya rantse cewa gonar tsamiya biyu tasa ce. Ta mahaifinta ce, Malam Ɗan Juma, kuma aminin Labaran ne. Tun daga ranar yake ƙwadago a gonakin albasar mutane, har bayansa ya ranƙwafa.

Ba ta nuna komai ba. Sai da suka koma masauki ta ce wa Mariya, "Sai na bari ya so ni har ya rasa inda zai sa kansa. Sannan in nuna mishi ɗiyar wa nike."

"Shi mi ya yi miki?"

"Da albasar gonarmu anka biya mishi karatu."

Ta ƙara masa kulawa. Ta riƙa tuƙa masa tuwon shinkafa tana aikawa, tana kiransa Hasken Idona. Wani lokaci sai ta rasa wanne ne shiri, wanne ne gaskiya, amma da ta tuna bayan mahaifinta sai zuciyarta ta sake bushewa.

Bayan sun kammala karatu sun dawo gida, baffannin Hashimu suka zo Birnin Tudu ta ƙasar Bakura, garinsu Taiba, neman aure. Taiba ta riga ta sanar da mahaifinta ko su wane ne. Malam Ɗan Juma ya bar su suka gama doguwar gaisuwa, sannan ya tura musu goronsu da ƙafa.

"Ku ce wa Labaran, wagga ba a karɓe ta da rantsuwa."

Suna fita Taiba ta tura wa Hashimu saƙo: "Ka tambayi babanka gonar tsamiya biyu ta wace ce. Yanzu ka ɗanɗana yadda ake ƙwace wa mutum abin da yake so."

Ta jira ta ji daɗi, daɗin bai zo ba. Hashimu bai amsa ba, bai kira ba. Ana nan sai Mariya ta kawo labari daga Mafara cewa Alhaji Labaran, don huce haushi, ya nema wa ɗansa Gimbiya, 'yar abokin kasuwancinsa, har ana batun sa rana.

Taiba ta ce, "Allah ya sanya alheri." Ta shige ɗaki, ranar ko abinci ba ta taɓa ba.

Abin da ba ta sani ba, Hashimu yana Maradun yana bin dattawan da suka ga rabon gonakin. Da ya gama jin bakinsu ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa. Ya ce Gimbiya ba ta da laifi, amma ba zai aure ta ba, ba kuma zai ƙara cin abin da ya fito daga gonar nan ba. Ya kwashe kayansa ya koma gidan kawunsa.

Sai a lokacin saƙonsa ya shigo: "Na bincika, gaskiya gare ki. Kin rama, kuma ya yi zafi. Abu ɗaya nake son sani, Zumata: duk abin da kika ce mini a Alƙahira ƙarya ne?"

Ta rubuta masa: "Na so ya zama ƙarya."

Hashimu ne kaɗai ɗa namiji a gidan Alhaji Labaran. Da Alhajin ya ji yaron yana shirin komawa Masar gaba ɗaya, sai ya shiga mota ya nufi Birnin Tudu. Malam Ɗan Juma ya bar shi tsaye cikin rana a ƙofar gida, mutanen unguwa suna kallo, har sai da gumi ya jiƙa babbar rigarsa. Sannan ya fito.

"Labaran, kai ne yau ƙofata?"

"Ni ne, Ɗan Juma. Ɗiyarka na zo roƙo."

Tsohon ya shiga gida ya sami Taiba. "Ke, hwaɗa mini gaskiya. Kina son yaron ga?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. "Ina son shi, Baba. Amma in ka ce a'a, a'a ce."

Ya koma waje, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Na ba ɗanka ita. Sadakinta gonar tsamiya biyu. Kuma da bakinka za ka hwaɗa a masallaci, gaban jama'a, cewa ta ubanta ce tun asali."

Alhaji Labaran ya dubi motarsa har aka zaci zai juya. Daga bisani ya ce, "Na yarda."

Haka kuwa aka yi ranar ɗaurin aure. Alhaji Labaran ya miƙe a masallaci ya faɗa gaban jama'a. Da aka shafa fatiha ya miƙa wa Malam Ɗan Juma hannu. Tsohon ya karɓa, amma bai yi murmushi ba.

Da aka kai amarya, Hashimu ya ɗaga mayafinta ya ce, "To, an gama ramuwar ko da saura?"

"Da saura kaɗan," ta ce tana dariya. "Sai ka yi haƙuri da ni, Hasken Idona."

Washegari suka je gaida Malam Ɗan Juma. Ya dafa kan kowannensu.

"Tsakanina da Labaran akwai sauran magana, mu za mu ƙarasa ta. Ku babu ruwanku. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu riƙon amana."

Suka amsa tare, "Amin, Baba."