Muryar da Ta Kai Baba Tsafe

Juwairiyya na tankaɗe a tsakar gidansu a Bungudu, sai ga Gwaggo Lantana ta faɗo ko sallama babu, waya a hannu.

"Yaya Sahabi, fito ka ji surukinka! Ƙato da gemu, ya maƙale murya yana kukan mata!"

Ba ƙarya ta yi ba, muryar Tajuddeen ce, wanda ya kawo goron neman Juwairiyya. Sana'arsa ke nan a Gusau, fassara finafinai zuwa Hausa, kuma shi kaɗai ke yin muryar kowa, mace da namiji. Wannan wani tsohon fim ɗin Faransa ne da ya fassara da Faransancin da ya koyo a Maraɗi.

Malam Sahabi ya saurari minti ɗaya, ya haɗe rai. "Ba ni ba mai muryar mata ɗiyata. A maida musu goronsu!"

Rariya ta suɓuce daga hannun Juwairiyya. Ta ci kuka har ta gode Allah, amma ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba. Bayan kwana uku ta kai masa fura, ta durƙusa.

"Baba, in ka ce a'a, na haƙura. Abu guda nike roƙo — ka kalli fim ɗin har ƙarshe."

Don dai ta ƙyale shi ya karɓi wayar. Labarin aminai biyu ne da son mace ɗaya ya raba, har ɗayan ya mutu ba su shirya ba. Da aka zo inda mai ran ke neman gafara a bakin kabari, Juwairiyya ta ga Baba na share ido da hannun riga.

Ashe shi ma a kan mahaifiyarta suka ɓata da amininsa Arzika, shekara talatin ko gaisuwa babu! Washegari ya hau motar Tsafe, inda Arzika yake zaune. Da la'asar sai ga dattawan biyu riƙe da hannun juna.

"Lantana," in ji Baba, "muryar da kika raina ita tak kai ni inda girman kai yah hana ni zuwa. A bar goron nan!"

Malam Arzika ne ya karɓar wa ango aure. Ranar, duk wanda ya tambayi amarya aikin mijinta, da ƙarfi take faɗa, har Gwaggo ta jiyo. Haƙurin Juwairiyya ya yi mata rana. Mai yanke wa mutum hukunci a minti ɗaya kuwa, ya daure ya kalla har ƙarshe.