Kifin Baba Spase Ya Rame

A bakin rafi Kliment ya fara ganin Zorica. Yana wanke tankin feshin gonar tuffa, yadda kowa ke yi a ƙauyen, ita kuma tana ɗibar ruwa a kwalabe. Ko gaisuwa babu, ta ce masa farin kumfan nan tafkin Prespa zai gangara, inda babanta ke kamun kifi. Aikinta ke nan, auna kifi, kuma shekara uku tana ganin maiƙonsa da abin gina jikinsa suna raguwa.

Bawan Allah bai fahimci rabin zancen ba, idonta yake kallo.

Soyayya ta ƙullu, amma da ya je gaida babanta, Baba Spase, tsohon ya ajiye masa soyayyen kifi a faranti, busasshe kamar katako.

"Ci mana, ɗan masu feshi. Aikinku ne. Ita ma so kake ka ramar min da ita?"

Ya hana Zorica fita wajensa. Kliment ya koma gida, ya haƙa rami nesa da rafi, ya shafe shi da siminti, can ya koma wankin tanki. Ya rage feshi, tuffarsa ta yi tabo. Da ya roƙi maƙwabta su zo su yi wanki a raminsa, sai suka laƙaba masa Limamin Kifi. A gidan gahawa aka daina zama teburinsa. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, har da kare yake hira.

Saƙon Zorica kawai ke riƙe shi: "Tuffata mai tabo, ka ci abinci? Na auna na wannan watan, babu canji tukuna. Ni ma babu canji."

Damina biyu suka wuce, mutum huɗu kacal suka bi shi. Wata Lahadi yana zaune shi kaɗai a gidan gahawa, sai ga Baba Spase ya ratsa jama'a, ya ja kujera ya zauna gabansa.

"Kifin har yanzu a rame yake," in ji tsohon.

"Na sani, Baba."

"Ƴata ma ta rame. Ita dai na san maganinta. Turo manyanka."

Bayan tsinkar tuffa aka ɗaura aure. Kifin biki busasshe ne, amma Kliment ya cinye nasa tas. Ranar teburinsa bai ɗauke mutane ba, sai da aka aro kujeru. Allah ya bar su tare, ya mayar wa tafkin maiƙonsa.