Hedifon na Uku

Da safiyar Alhamis aka kira ofishin 'yan sanda na Launceston, aka ce an yi sata a kulob ɗin masu sauraron kiɗa, wanda ke saman tsohon shagon sayar da faifai. Sufeto Lachlan Prosser ya tarar ba a ɓalle ƙofa ba. A kan tebur akwai marataya uku na hedifon, abin jin kiɗa da ake ɗorawa a kunne. Biyu na ɗauke da nasu, na uku babu komai.

Matar da ta yi kiran tana tsaye a gefe. Sunanta Bronwyn Febey, ita ta sassaƙa wanda ya ɓace.

"Waɗannan biyun sun fi nawa tsada, yallaɓai," in ji ta. "Ɓarawon ya tsallake su ya ɗauki wanda aka kushe."

"Wa ya kushe shi?"

"Baba Des."

Ta yi masa bayani a taƙaice. Makon jiya kulob ya gwada hedifon uku na katako masu rufaffen baya, don a ji wanda ya fi fitar da bes, gurnanin nan na ƙasa da ake ji har ƙirji. Desmond Triffitt ne alƙali, tsohon mai gyaran fiyano da kowa ya yarda da kunnensa. Ya sa nata, ya cire, ya ce sautinsa kamar gwangwani. Maganar ta yaɗu. Wani shago a Melbourne ya dakatar da odarsa, amma mai shagon ya yarda zai zo ranar Asabar ya ji da kansa.

"Guda ɗaya tilo na gama. In babu shi ranar Asabar, na rufe sana'a."

Sufeto ya sunkuya kan marataya ta uku. Wani ƙamshi mai nauyi ya daki hancinsa.

"Katakon itacen Huon ne, da shi na sassaƙa nawa," in ji ta. "In ya kama tufafi ba ya saki."

Mutum biyu ke riƙe da makulli, Baba Des da shugaban kulob, Gavin Cragg, dillalin hedifon ɗin da ya zo na ɗaya. Sufeto ya sami Gavin a shagonsa yana cin sanwic.

"Tun ranar gwaji ban taka wurin ba."

"Mai shagon ƙasa ya ce ranar Litinin ka hau, ka daɗe."

Gavin ya ajiye sanwic ɗin. "Kai, wannan tsohon da sa ido! To, na hau. Na sa nata a kai."

"Me ka ji?"

"Har haƙorana sai da suka motsa. Ya ninka nawa."

"Ka faɗa wa wani?"

"In ce Des ya yi kuskure? Ni da nake sayar da wanda ya zaɓa?" Ya kau da kai. "Na yi shiru, yallaɓai. Amma ban ɗauka ba."

Sufeto ya koma kulob, abin na cin sa. Kunne biyu, hedifon ɗaya, hukunci biyu. Ya ce Bronwyn ta sa masa kiɗa a ɗaya daga cikin biyun da suka rage. Ya saurara, ya yamutsa fuska.

"Wannan ne ake ta yabo? Rediyon motata ya fi shi."

"Cire tabaranka mana. Hannunsa na ɗaga matashin da ke rufe kunne, iska na zurarewa. Mai rufaffen baya in bai manne ba, babu bes."

Ya cire. Ganga ta faɗo masa a ƙirji. Ya juya ya kalli bango, inda aka jera hotunan kulob. Ya mayar da tabarau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A dukkan tsofaffin, fuskar alƙali babu komai. A na makon jiya, yana sanye da tabarau mai kaurin hannu.

"Nasu biyun ma da tabarau ya gwada?"

Bronwyn ta dubi hoton. "Matashinsu soso ne mai laushi, yana haɗiye hannun in ba lanƙwasasshe ba ne irin naka. Nawa fata ce, ba ta gama laushi ba." Muryarta ta dusashe. "Ban ma lura ba. Shi ya koya min sauraro tun ina yarinya."

Da la'asar 'yan kulob suka taru saboda labarin satar. Baba Des ya shigo a ƙarshe, cikin kwat ɗin ulu. Sufeto ya ja shi ƙaramin ɗakin shayi.

"Baba, taimaka min. Wanne ya fi a cikin biyun nan?"

Tsohon ya karɓi hedifon. Kafin ya ɗora a kai, hannunsa ya cire tabarau ya ajiye.

"Yaushe ka koyi cire shi?"

Tsohon ya dubi tabaran da ya ajiye. Sufeto ya matso kusa.

"Kwat ɗinka na ƙamshin Huon, Baba."

Tsohon ya zauna a hankali. "Ranar Laraba na zo ni kaɗai. Ina son in ji me ya sa aikin yarinyar nan ya lalace haka. Ido ya yi min ƙaiƙayi, na cire gilashin. Tun da nake ban taɓa jin irinsa ba."

"Sai ka faɗa musu ka yi kuskure."

"Ba ni da gida nawa, Sufeto, ba ni da 'ya'ya. Kunne kawai nake da shi a garin nan. Na ce in hedifon ɗin ya ɓace, babu wanda zai sani." Ya dubi tafin hannunsa. "Yana bayan motata, na naɗe shi da bargo. Ko ƙwarzane babu."

Bronwyn tana bakin ƙofa. Ta ji komai.

"Da ka faɗa min, Baba, ni da kaina zan ce laifin fatar ne."

"Na san za ki ce. Shi ya sa na kasa."

Sufeto Prosser ya kama mutane da yawa da suka yi sata don su samu. Bai san sunan da zai ba wannan ba, sai dai doka tana da suna ɗaya ga duka. Bai fito da ankwa ba, ya riƙe gwiwar hannun tsohon kawai.

A tsakiyar zauren Baba Des ya tsaya. "Na Bronwyn ne na ɗaya," ya ce da ƙarfi. "Gavin, ka rubuta."

Gavin bai ɗago kai ba.

"Ka manta tabaranka a tebur, Baba," in ji Sufeto. "Akwai matakala."

"Bar shi nan. Ka riƙe ni dai. Ba na son ganin fuskokinsu."