Sunan da Sailuba Ba Ta Faɗa

Ƙarfe goma na safe aka kira Insifekta Munzali wani gida a garin Wheaton, can ƙasar waje. Ba a ɓalle ƙofa ba, ba a taɓa sarƙoƙin zinariya ba. Fayil ɗaya kawai aka ɗauka.

"Takardun riƙon 'yata Mubina ne," in ji Linda, matar gidan, da Turanci. "Shekara takwas ke nan da na ɗauko ta a gidan marayu a Najeriya. Yanzu ƙasashe sai rufe ƙofa suke yi. In suka ɓata, wa zai sake ba ni?"

"Wa ke da makulli?"

"Ni da mai reno, Sailuba. Amma ita kam a'a. Shekara biyu tana nan, ko sunan yarinyar ta kasa riƙewa. Kullum 'ke', kullum 'Baƙuwa'."

Munzali ya daina rubutu.

A falo ya tarar da Sailuba tana yi wa yarinyar kitso. Ya gaishe ta da Hausa. Ta amsa, ta tura yarinyar ɗaki, kanta rabi a tsefe.

"Kin shiga ofishin uwar ɗakinki jiya?"

"Ban shiga ba, ranka ya daɗe."

"Kina da 'ya'ya?"

"Allah bai ba ni ba."

"To, kira mini yarinyar. Da sunanta."

Ta buɗe baki. Ta rufe. Ta sunkuyar da kai.

Munzali ya san wannan sunkuyon. Shi ma ɗan fari ne. Har mahaifiyarsa ta rasu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Yaya Sailuba," ya ce a hankali, "'yar farinki ce."

Hawaye suka zubo.

"Ajiya na ba gidan marayun, ina jinya. Na warke na koma, suka ce ta tafi. Shekara shida ina nema." Ta zaro fayil ɗin daga jakarta. "Duba nan. Sun rubuta wai uwar ta mutu. Yarinyar ta fara iya karatu, ranka ya daɗe. Ba na so ta karanta."

Ya fassara wa Linda. Ta zauna a ƙasa.

"Ban sani ba," ta ce. "Na janye ƙarar."

"Duk da haka sai ta zo ta ba da bayani. Masu wannan takardar nake nema yanzu," in ji Munzali.

Sailuba ta gyara mayafi, ta miƙa hannuwa biyu. Bai ko taɓa ankwa ba.

Sai ga Mubina a bakin ƙofa, ta ɓata rai.

"Anti, haka za ki bar mini kai?"

Munzali ya dubi agogo, ya ja kujera ya zauna. Sai da aka kitse layin ƙarshe, sannan ya buɗe wa Sailuba ƙofar mota. Ta gaba.